Jinƙan da Ke Tayar da Mai Ƙuna Tsaye

Akwai saɓanin da ke tasowa a gefen gadon kusan duk wanda wuta ta ci ƙafarsa, kuma ba kasafai ake tsayawa a auna shi da ma'aunin addini ba. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce da majinyaci, "Baba, daure ka sauko da ƙafar nan, yau za mu taka." Shi kuwa yana cije leɓe, gumi na tsattsafo masa, 'ya'yansa da ke zaman jinya hankalinsu ya tashi. Wani ya ce a bar bawan Allah ya huta, wata ta ce ma'aikatan asibiti ba su da imani, mutum da ɗanyen ciwo a ce ya miƙe? Kowanne ɓangare yana ganin shi ne mai tausayi, kuma babu mai mugun nufi a cikinsu. Abin tambaya shi ne, tsakanin wanda ya bar mai ƙuna a kwance don kada ya ji zafi da wanda ya tayar da shi tsaye yana jin zafin, wa ya sauke haƙƙin da Allah ya ɗora masa? Matsayata ita ce wanda ya tayar da shi ne, da sharaɗin ya yi hakan da sani, da tsari, da yardar majinyacin. Barin mai ƙunar ƙafa a kwance har tabo ya ƙulle masa gaɓɓai cutarwa ce, ko da ƙauna ce ta jawo ta.

Maganar ta fi nauyi a ƙasar noman rani irin ta Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka janyo ruwan kogin Kano ta manyan magudanu zuwa gonakin wannan yanki, rayuwar mutanensa ta koma ta aiki rani da damina. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da ruwan, amma shinkafa da alkama da tumatir da masara da ƙafa ake noma su: manomi yana bin bakin fangali, yana tsallake magudana, yana durƙusawa wajen dashe, yana ɗaukar buhu zuwa bakin hanya. Wannan sana'ar kuma ita ke kusantar da ƙafa ga wuta. Mata na turara shinkafa a manyan tukwane da tafasasshen ruwa, tsibin ɓuntu yana cin wuta a ciki alhali samansa kamar toka mai sanyi, ana ƙara fetur a injin ban-ruwa yana da zafi, salansar babur tana lasar sha-raɓa, ga jin ɗumin hunturu da zani ko bakin wando ke kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma waɗanda ke rayuwa da nakasa sun ninka haka. A lissafin likitoci, ƙafa ɗaya ta baligi, daga cinya zuwa yatsu, kashi 18 ce cikin 100 na fatar jikinsa. Ga manomin da abincin gidansa ke rataye a kan takunsa, warkewar ciwo ba tare da dawowar tafiya ba rabin waraka ce.

Dole a fara da sanin abin da jiki ke yi, domin hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa. Idan ƙuna ta yi zurfi, fatar da ke maye gurbin ta asali tabo ce, kuma ɗabi'ar tabo ita ce takurewa, kamar ƙirgin da aka shanya ba a kafe gefunansa ba. Mai ciwo kuwa yakan nemi kwanciyar da ta fi masa sauƙi: ya lanƙwashe gwiwa, ya saki tafin ƙafa ya kalli ƙasa, a sa masa matashi ƙarƙashin gwiwa. A wannan yanayin tabon ke kamewa. Bayan 'yan makonni sai a tarar gwiwa ta ƙi miƙewa, agara ta gajarce, diddige ya ƙi taɓa ƙasa, mutum ya koma tafiya a kan yatsu ko ya kasa tafiyar gaba ɗaya. Gyaran wannan sai da tiyata, wani lokaci fiye da ɗaya, kuma ba kullum gaɓa ke komawa yadda take ba. Doguwar kwanciya ma da nata sharrin: jini na daskarewa a jijiyoyin ƙafa, gudansa na iya ɓallewa ya toshe huhu, majina na taruwa a ƙirji ta zama ciwon huhu, gyambon kwanciya na buɗewa a ƙugu da diddige, tsoka na zagwanyewa da sauri domin jikin mai ƙuna yana cin kansa wajen gina sabuwar fata. Shi ya sa masana jinyar ƙuna suka haɗu a kan cewa motsa gaɓɓai yana farawa tun kwanakin farko, tafiya kuma da zarar likita ya ga hali.

Da wannan za a ga cewa zaɓin da ke gaban iyalin majinyaci zaɓi ne tsakanin cuta biyu, babu hanyar da ta kuɓuta daga wahala. Ɗaya zafi ne mai tsanani amma mai wucewa, wanda ake iya rage shi da magani. Ɗayar nakasa ce da za ta iya zama ta har abada, ta hana mutum gona, ta hana shi sahun jam'i, ta mayar da mai ciyarwa abin ciyarwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa idan cuta biyu suka haɗu ba makawa, ana ɗaukar ƙaramar don a kauce wa babbar, kuma a kan wannan ne aka halatta yanka jikin mutum a tiyata, da ɗorin karaya, da cire haƙorin da ya ruɓe. Babu wanda ke kiran maɗori azzalumi don ya ja ƙashi mai karaya ya yi ƙara. Abin da ke ruɗar mu a batun ƙuna shi ne, zafin tafiya muna ganinsa yanzu da idonmu, ƙullewar gwiwa kuwa tana zuwa a hankali, ba ta ihu. Zuciya na karkata ga kawar da abin da take gani. Sau da yawa ma, idan muka ce a bar shi ya huta, namu ɓacin ran muke gudu, domin kallon mahaifi ko ɗa yana murƙususu abu ne mai wuya. Amma jiki amana ce, kuma wanda ya karɓi jinya ya karɓi wani yanki na amanar. Za a tambaye shi a kan maslahar majinyaci, gobensa da yau ɗinsa duka.

Mai ja zai ce: ai ciwo da waraka duka na Allah ne, wanda aka ƙaddara zai taka zai taka, kuma abin da ake nema ga mara lafiya shi ne haƙuri da tawakkali. Farkon maganar gaskiya ne, babu musulmin da zai musa. Kuskuren yana wajen ɗaukar haƙuri a matsayin naɗe hannu. Annabi Ayyuba, alaihis salam, shi ne wanda ake buga misali da shi a haƙurin ciwo, kuma a Suratu Sad an ba da labarin yadda warakarsa ta zo: an umarce shi ya doki ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Ubangijin da ya fitar da ruwan ba ya bukatar motsin ƙafar bawan da ciwo ya gajiyar, amma ya so warakar ta biyo ta hanyar wani aiki daga gare shi, kome ƙanƙantarsa. Haka nan Tirmizi ya ruwaito cewa da wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta kuma ya dogara ga Allah. Manomin Kura ya san wannan a gonarsa, ba ya zama a gida ya ce wanda ya saukar da ruwa a Tiga zai shigar masa da shi fangali. Hausawa sun taƙaita zancen da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Haƙuri iri-iri ne a wajen malamai, akwai na jure musiba, akwai na dagewa a kan abin da ya wajaba. Mai ƙunar da ya daure ya taka ƙafarsa sau uku a yini ya haɗa su duka biyu.

Akwai ja na biyu da ya fi wannan ƙarfi, domin daga cikin shari'a ya fito. Za a ce addini da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame, ya yarda ya yi salla a zaune ko a kwance, ya yi taimama, ya shafa a kan bandeji. Idan Allah bai tilasta masa tsayuwa a salla ba, wace ce nas da za ta tilasta masa tsayuwa a ɗakin jinya? Amsar tana cikin littafin da ɗaliban zaure ke karantawa tun suna yara. Ahalari, na Shaihu Abdurrahman al-Akhdari, ya jera halaye bakwai na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, da gefen hagu, da rigingine. Ya kuma bayyana cewa jerantawa tsakanin huɗun farko wajibi ce, wato wanda ke iya mataki na sama ba ya sauka zuwa na ƙasa. Ma'anar wannan ita ce rangwame yana tafiya ne daidai gwargwadon gazawa, yana kuma janyewa yayin da iko ke dawowa. Shari'a ba ta san mara lafiya a matsayin mutumin da ya gama aiki ba, tana bibiyar ƙarfinsa mataki-mataki, tana neman ya yi amfani da abin da ya rage masa. Duk wanda ya dubi yadda ake tayar da mai ƙuna zai ga matakan nan ne ake hawa daga ƙasa zuwa sama: daga kwanciya zuwa zama da jingina, zuwa zama a bakin gado, zuwa tsayuwa da dogarawa, zuwa tsayuwa da kai. Don haka mai jinyar da ke neman majinyaci ya hau mataki na gaba idan ya iya, bai saɓa wa ruhin rangwame ba, tafarkinsa yake bi.

Ja na uku shi ne wanda ya kamata a karɓa da hannu biyu: tayar da mai ƙuna yana da haɗari. Yana iya faɗuwa, ciwo na iya fashewa, fatar da aka dasa na iya zamewa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa na sa sani a cikin sharuɗɗa. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, wanka ya wajaba a kansa, abokansa suka ce ba shi da uzurin taimama, ya yi wankan ya rasu. Manzon Allah ya yi musu kakkausan zargi a kan ba da hukunci ba tare da tambaya ba. Wannan gargaɗi yana kan mai hana tafiya da jahilci, yana kuma kan mai sa tafiya da jahilci. Aikin yana da ƙa'idoji sanannu. Ana ba da maganin rage zafi kamar minti 30 kafin a fara. Ana naɗe ƙafa da bandeji mai talewa tun daga yatsu zuwa sama, domin idan aka sauke ƙafar da ta ƙone jini na zubowa cikinta da ƙarfi, ta kumbura, ta yi zugi, wani lokaci ta yi jini, naɗin ne ke tallafe ta. Majinyaci na fara zama a bakin gado na 'yan mintuna har jiri ya lafa, saboda wanda ya daɗe a kwance jininsa kan sauka idan ya miƙe farat ɗaya. Sannan ya tsaya, mutum na riƙe da shi ta wajen da babu ciwo, da ƙarfen dogarawa ko sanda, a daɓe busasshe, da takalmin da ba ya santsi. Ana koya masa ya sauke diddige ƙasa, ya miƙe gwiwa, kada ya tsaya cik wuri ɗaya domin tsayuwa ba motsi ta fi taku zafi. Idan ya dawo gado a ɗaga ƙafar sama, gwiwa a miƙe, tafin ƙafa a tokare yana kallon sama, a duba bandeji ko jini ya ɓullo.

Sanin ya haɗa da sanin lokacin dakatawa. Idan an yi dashen fata, sabuwar fatar na bukatar kwanaki kafin jijiyoyin jini su kama ta, shi ya sa likitoci da yawa ke hana motsa wurin kamar kwana 5, musamman idan dashen ya haye gaɓa, wasu kuma kan ba da izini kafin haka idan naɗi ya yi kyau. Wannan hukuncin na likitan da ya yi aikin ne shi kaɗai. Ƙunar tafin ƙafa, da wadda ta tone jijiya, da ta mai ciwon sukari wanda ba ya jin ƙafarsa sosai, kowacce da nata tsarin. Idan majinyaci ya ji ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko ido ya rufe, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ba gaira, a zaunar da shi a kira likita. Wanda ya ɗauki hujjar da nake kafawa ya je ya finciko majinyaci daga gado da ƙarfin tsiya ya fahimce ni a baibai. Abin da nake karewa aiki ne na gwaninta, kuma haɗarin da ke cikinsa dalili ne na koyonsa da kyau. Bai zama dalilin barinsa ba, tunda barin ma ga inda yake kaiwa.

Saura batun da ya fi zurfi: idan majinyaci ya ce ba zai taka ba fa? Baligi mai hankali yana da iko a kan jikinsa, ba a jan sa kamar kaya, kuma tsawa da gori ba su cikin jinya. Amma ƙin da ke fitowa daga tsananin zafi da tsoro da karayar zuciya bai kamata a karɓe shi a matsayin magana ta ƙarshe tun ranar farko ba. Haƙƙinsa ne a bayyana masa abin da kwanciya za ta jawo, da harshen da yake ji, a rage masa zafin iyakar iko, a ba shi zaɓin lokaci da wanda zai riƙe shi, a sa masa buri ƙarami da zai iya cimmawa: yau bakin gado, gobe ƙofar ɗaki, jibi wajen alwala. Mace ta samu mace ta riƙe ta, a suturta jikinta, domin kunya kaɗai na iya hana ta sauka daga gado. Dattijo a kira shi Baba ko Malam, a nemi izininsa kafin a taɓa shi. Jinya a Musulunci tana da asali mai daraja, Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Ma'aikaciyar jinyar da ta haɗa taushin harshe da tsayuwa a kan abin da ya dace ita ce magajiyar wannan aiki. Wadda ta yi tsawa ta ɓata hujjarta, wadda ta ƙyale don gudun ƙorafi ta tozarta amanarta.

Wani zai ce duk wannan zancen asibitin birni ne. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna da likitocin ƙuna da sashen gashi, amma daga Kura zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 30 ce, daga ƙauyukan cikin Bunkure ta fi haka, ga kuɗin mota, ga na magani, ga gona na jira. Ba za a raina wannan ba, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta kusantar da wannan hidima ga manoman da ke ciyar da jiha. Sai dai mafi yawan abin da ke hana gwiwa ƙullewa ba ya bukatar na'ura. Yana bukatar bandeji, da sanda mai ƙwari, da mutum ɗaya a gida da aka koya masa aikin kafin sallama, da naci. Tabo na ci gaba da canzawa shekara ɗaya zuwa biyu, don haka babban ɓangaren jinyar a tsakar gida yake. A riƙa miƙe gaɓɓai kullum, a shafa mai a fatar da ta riga ta rufe domin ba ta fitar da maiƙo kamar ta asali, a kare ta daga rana, kada a taka ƙasa ba takalmi. A ba majinyaci ƙwai da wake da nono da kifi, domin da su jiki ke gina fata da tsoka. Kada ya shiga ruwan magudana ko laka muddin akwai buɗaɗɗen ciwo, komai matsin lokacin dashe, kuma bakin fangali mai santsi shi ne wuri na ƙarshe da zai koma, bayan ya ƙware a tsakar gida da hanyar masallaci. A nan ne dangi da maƙwabta ke da rabo: wanda ya kama masa ban-ruwa na wata biyu ya taimaki ƙafarsa kamar yadda nas ta taimaka.

Abin da ya rage shi ne mu gyara yadda muke dubiya da yadda muke wa'azi. Muna cika ɗakin mara lafiya da sannu da addu'ar Allah ya sa kaffara ne, kuma wannan alheri ne da sunna ta kwaɗaitar. Amma idan mai dubiya ya ƙara da cewa kada ka yarda su wahalar da kai, ya rushe aikin mako guda da jumla ɗaya. Ya fi kyau ya tambaya, yau taku nawa aka yi, ya yi murna da amsar, in an ba shi izini ya ba da kafaɗarsa. Limaman Kura da Bunkure da ke koyar da hukuncin shafa a kan bandeji da sallar zaune su haɗa da cewa komawa tsaye abin nema ne, kuma bin umarnin masana a kan haka yana cikin riƙon amanar jiki. Waraka ta Allah ce, babu mai jinyar da ke da ita a hannu, kuma akwai wanda za a yi masa komai daidai amma ya tashi da ɗingishi, wannan ba laifin kowa ba ne. Abin da za a tambaye mu shi ne ko mun yi abin da muka sani yana da amfani a lokacin da yake da amfani. Ga mai ƙunar ƙafa, lokacin gajere ne, makonnin farko ne kafin tabo ya kame, kuma duk wanda ke ƙaunarsa ya kamata ya tsaya tare da mai cewa ya tashi.